RAID 5, RAID 6, RAID 10 ko ZFS: wanne zai fitar da ofishinka ranar da faifai ya mutu?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin sayen rumbun ajiyar bayanai a Katsina, na makaranta ne ko na asibiti ko na ƙaramin banki, abu biyu ake fara tambayarsa: nawa zai ci, kuma terabait nawa zai ɗauka. Takardar farashin da ɗan kwangila ke kawowa ma a kan waɗannan biyun take tsayawa. Akwai wasu tambayoyi biyu da suka fi su nauyi, waɗanda da wuya ka ji an yi su a wajen taron saye. Ta farko, ta wace hanya rumbun ke gano ɓarnar da ta ɓuya a cikin faifai tun kafin a buƙaci wurin? Ta biyu, in faifai ɗaya ya mutu, awa nawa ko kwana nawa za a yi kafin rumbun ya dawo da kariyarsa? Ni a ganina amsar waɗannan biyun ce ya kamata ta yanke zaɓi, musamman a garin da wuta ba ta da tabbas, kuma sabon faifai sai an yo odarsa daga nesa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe: akwati mai ramuka takwas, kowane rami da faifai mai terabait 8. RAID hanya ce ta haɗa fayafayai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ta yadda mutuwar wani ba za ta ɓatar da bayanai ba. In aka tsara akwatin a RAID 5, ana samun terabait 56 na amfani, girman faifai ɗaya ya tafi wajen lissafin ceto, wato bayanan da ake sake haɗa abin da ya ɓace da su. RAID 6 na ba da 48, domin lissafin ceton ninki biyu ne. RAID 10, inda kowane faifai ke da abokin tagwaicinsa mai ɗauke da kwafinsa, 32 kacal yake bayarwa. Wanda ya kalli waɗannan lambobi uku kaɗai, babu shakka RAID 5 zai nuna da yatsa, kuma ba za a ga laifinsa ba, tun da kuɗin faifai da dala ake lissafa shi.

Ɓarnar da ba ta nuna kanta

Faifai ba ya cika mutuwa lokaci ɗaya. Sau da yawa gurbi ɗaya ne tak, ɗan mitsitsi, zai daina karantuwa, sauran faifan yana aikinsa lafiya lau. In babu wanda ya nemi abin da ke wannan gurbin, katin RAID, wato na'urar da ke tafiyar da fayafayan, bai sani ba, mai kula da saba, wato babbar kwamfutar ofis, bai sani ba, fitilar gaban akwati kuwa koriya shar. Kamar manomi ne da ya rufe rumbunsa da kaka bai sake leƙawa ba sai bazara ta kama, sannan ya tarar gara ta cinye dammunan da ke ƙasa.

An auna girman wannan matsalar. A shekarar 2007 masu bincike daga Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp sun fitar da sakamakon bin diddigin fayafayai miliyan 1.53 na tsawon wata 32. Kashi 3.45 cikin 100 sun samu irin wannan ɓoyayyen gurbi da ya lalace. A manyan fayafayai masu araha da ake tara bayanai da yawa a kansu, abin ya kai kashi 8.5, a masu tsada na aiki mai nauyi kuwa kashi 1.9. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, fiye da kashi 60 na waɗannan kurakuran binciken bayan fage ne ya tono su, wato duba fayafayan da rumbun ke yi da kansa lokaci-lokaci. A wannan shekarar dai injiniyoyin Google suka duba fayafayai sama da 100,000 nasu, suka tarar faifan da aka fara kama shi da kuskure a irin wannan binciken ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60.

Ga inda abin ke zama masifa. Ranar da faifai ɗaya ya mutu a RAID 5, dole kati ya karanta kowane gurbi na sauran bakwai ɗin kafin ya iya gina sabon. In akwai gurbin da ya lalace wata shida da suka wuce ba a sani ba, a ranar zai bayyana, a daidai lokacin da babu sauran lissafin ceton da za a gyara shi da shi. Abin da zai biyo baya ya danganta da tsarin: wani yakan tsayar da ginin gaba ɗaya, katunan Dell da Broadcom sukan yi wa wurin alamar ya ɓaci su wuce, ZFS kuma, wato manhajar da ke tafiyar da fayafayai ba tare da katin RAID ba, yakan ba ka sunayen fayilolin da abin ya shafa. Ko ta wacce hanya, an yi asara.

Masu ƙera faifai suna rubuta iyakar wannan kuskuren a takardar bayanin kayansu. Faifan kwamfutar gida, kuskure ɗaya cikin bit tiriliyan 100, wato kimanin terabait 12.5 na karatu. Faifan kamfanoni ya ninka wannan sau goma, kimanin terabait 125. A misalinmu, ginin RAID 5 na buƙatar karanta terabait 56. In muka ɗauki lambar takarda a yadda take, da fayafayan kamfanoni ma yiwuwar cin karo da kuskure ta kai kusan kashi 36 cikin 100, da na gida kuwa kusan tabbas ne. Lambar takarda iyaka ce ta mafi muni, fayafayai da yawa sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ta gina RAID 5 yana kammalawa lafiya. Amma sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara goma ko fayilolin marasa lafiya sun fi ƙarfin a bar su ga sa'a.

Masu binciken bayan fage ba ɗaya suke ba

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ana jin "yana duba kansa" sai a ɗauka an gama. Bincike iri uku ne, kuma abin da kowanne ke iya kamawa daban.

Na farko sintiri ne. Katin RAID na bin kowane faifai gurbi-gurbi yana tambaya: wannan yana karantuwa? In bai karantu ba, sai ya sake haɗa bayanin daga sauran fayafayai ya rubuta, faifan ya maye gurbin da wani daga ajiyarsa. Katunan Broadcom MegaRAID da Dell PERC suna kiransa Patrol Read, kuma yadda suke zuwa daga masana'anta, duk kwana bakwai suke yinsa. Katunan HPE Smart Array suna da nasu da ke tashi duk lokacin da kati ya samu sarari. Sintiri na da kyau, yana duba har faifan ko-ta-kwana da ke zaune ba ya aiki yana jiran ya maye gurbin wanda ya mutu. Sai dai bai damu da ko abin da ya karanta daidai ne ba.

Na biyu duba daidaito ne: a karanta bayanai, a sake lissafin ceto, a gwada da wanda ke rubuce. A Linux mai amfani da mdadm, manhajar da ke yin aikin katin RAID, nau'o'insa na Debian da Ubuntu suna yinsa Lahadin farko na kowane wata. Wannan ya fi sintiri zurfi, amma yana da gurgunta babba. In ya tarar da saɓani a RAID 5, bai san wane ne ke da gaskiya ba, bayanin ko lissafin ceton. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauka bayanin ne daidai a sake rubuta lissafin. In kuwa bayanin ne ya gurɓata, an tabbatar da ɓarnar kenan, an kuma shafe hanyar gyaranta. Haka yake a tagwaye: in biyu suka saɓa, babu na ukun da zai raba gardama.

Na uku shi ne tankaɗe irin na ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka jagoranci ƙirƙirarsa a kamfanin Sun Microsystems, aka fito da shi a 2005. Kowane guntun bayani da ZFS ya rubuta yana da lambar shaida da aka ajiye a wani wuri daban. In ana tankaɗe, ana karanta guntun a sake lissafa lambar. Da an ga saɓani an san wane kwafi ne ya ɓaci, a ɗauko mai kyau a gyara nan take. Btrfs da akwatunan Synology ke amfani da shi na da irin wannan lambar shaidar, Ceph ma haka, haka kuma manyan rumbuna irin na NetApp. Ko wannan matsalar ta karanta abin da ba shi aka rubuta ba tana faruwa da gaske? Masu binciken nan na Wisconsin da NetApp sun dawo a 2008 da wani sakamakon: cikin wata 41 sun ƙirga saɓanin lambar shaida sama da 400,000 a fayafayan da suka bibiya. Sintiri kaɗai ba zai ga irin wannan ba, tun da gurbin yana karantuwa sarai.

Saboda haka in ɗan kwangila ya ce maka akwatinsa na binciken kansa, tambaye shi wane daga cikin ukun.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Faifai na da iyakar aikin da mai shi ya yarda ya yi a shekara. Fayafayan kamfanoni irin Seagate Exos da WD Ultrastar, terabait 550 ne a shekara, karatu da rubutu a haɗe. Fayafayan ƙananan akwatunan ajiya (NAS) irin IronWolf da WD Red Plus, 180. Faifai mai terabait 8 da ake karance shi kaf duk mako ya yi terabait 416 a shekara kafin a taɓa aikin ofis. Mai terabait 20 kuwa ya haura 1,000, kusan ninki biyu na iyakarsa. Tsarin kwana bakwai an yi shi ne a zamanin da fayafayai ƙanana ne. Ga manyan na yau, sau ɗaya a wata ya fi dacewa, abin da kuma TrueNAS, manhajar rumbu mai aiki da ZFS, ke yi kenan da tazararsa ta kwana 35.

Lissafin awanni

Girman faifai ya yi ta ninkuwa, saurinsa kuwa tafiyar hawainiya yake. Faifai mai juyi 7,200 a minti na iya rubuta megabait 250 ko fiye a daƙiƙa a bakinsa na waje, ya sauko zuwa kusan rabi a can ciki. In muka ɗauki 180 a matsakaici, cika faifai mai terabait 8 na cin awa 12 da 'yan mintuna, in babu mai taɓa rumbun. Mai terabait 20 a saurin 200, kusan awa 28. Wannan shi ne mafi ƙarancin lokaci, babu katin da zai rage shi matuƙar faifai ɗaya ne ke karɓar rubutun.

Ofis kuwa ba ya tsayawa don faifai ya mutu. Katunan MegaRAID suna zuwa ne da kashi 30 cikin 100 a matsayin rabon aikin gini, saura na ma'aikata. In saurin ginin ya sauka zuwa megabait 50, terabait 8 ya koma awa 44, terabait 20 kuma kwana huɗu da rabi. A Linux, ƙasan da mdadm ke lamunce wa gini in ana matsa wa rumbun da aiki shi ne kilobait 1,000 a daƙiƙa. Da a ce ginin zai zauna a wannan ƙasan, faifai mai terabait 8 zai ci wata uku. Duk mai mdadm ya kamata ya ɗaga wannan lambar da hannunsa.

Yanzu a ɗora nauyin Katsina a kai. Agogon haɗari ba ya fara bugawa daga lokacin da aka soma gini, yana farawa ne daga lokacin da faifan ya mutu. In ya mutu daren Juma'a kuma babu saƙon gargaɗi, sai Litinin wani ya ga jar fitila. Sannan a rubuta takarda, a jira sa hannun shugaba, a fitar da kuɗi. Faifan kamfanoni mai girma daidai da nau'in da ake so, ba lallai a same shi a kantin cikin gari ba, sai a nema a Kano, in babu a Legas, wani lokacin ma daga Dubai.  Awa 12 ɗin da ke kan takarda na iya komawa mako biyu ko uku. A duk tsawon wannan lokacin RAID 5 tsirara yake: faifai ɗaya ya ƙara faɗuwa, komai ya tafi.

Kuma faɗuwar na biyun ba abin mamaki ba ne. Fayafayan akwati ɗaya galibi rana ɗaya aka ƙera su, zafi ɗaya suka sha, ɗaukewar wuta ɗaya suka gani. Misali mafi tsanani shi ne gargaɗin da HPE ya fitar a Nuwamban 2019, cewa wasu fayafayansa na SSD, wato marasa juyi, za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, saboda kuskure a manhajar cikinsu. Waɗanda aka kunna tare, tare za su tafi. Babu matakin RAID da ke tsira daga irin wannan, sai kwafin ajiya da ke wani wuri daban.

Ɗaya bayan ɗaya

RAID 5 ba ni da doguwar magana a kansa. A kan manyan fayafayai masu juyi, ban yarda a ɗora masa abin da ake tsoron rasawa ba. Inda yake da sauran amfani shi ne a kan SSD na kamfanoni guda uku zuwa biyar. SSD mai terabait 3.84 a saurin megabait 400 na ginuwa cikin ƙasa da awa uku, kuma iyakar kuskurensa a takarda ta fi ta faifai mai juyi kyau sau ɗari.

RAID 6 bai fi RAID 5 saurin gini ba, yakan ma ɗan fi jinkiri. Abin da yake sayar maka shi ne kwanciyar hankali a lokacin ginin. Faifai ɗaya ya mutu, akwai sauran lissafin ceto ɗaya. In aka ci karo da ruɓaɓɓen gurbi a tsakiyar gini, sai a gyara shi a wuce, ba wanda zai ma sani sai mai karanta rahoto. In wani faifan ya sake mutuwa ana jiran odar Legas, rumbun na nan a tsaye. Farashinsa a misalinmu terabait 8 ne, da kuma nauyin rubutu: ƙaramin rubutu ɗaya na jawo aiki shida a kan fayafayai, alhali RAID 5 huɗu yake jawowa, RAID 10 biyu. Ga fayiloli, hotunan asibiti, bidiyon kyamarar tsaro da kwafin ajiya, wannan nauyin ba ya damun kowa.

RAID 10 ya fi kowa sauƙin gini a tsoffin tsare-tsaren. Ba lissafi, kwafi ne kai tsaye daga abokin tagwaici, terabait 8 kawai za a karanta maimakon 56, sauran fayafayai shida kuma suna ci gaba da aikinsu ba takura. Shi ya sa masu manhajar albashi, rajistar ɗalibai da sabobin da ake rarraba wa ayyuka da yawa ke son sa. Sai dai mutane na kambama tsaronsa fiye da kima. A lokacin gini, bayanan wannan tagwayen na kan faifai ɗaya tilo. In na biyu ya mutu cikin bakwai da suka rage, akwai yiwuwar ɗaya cikin bakwai ya zama shi ne abokin, kuma shi ne ma aka fi wahalarwa a lokacin. RAID 6 kuwa ko waɗanne biyu suka mutu yana ɗauka. In jiran sabon faifai zai kai makonni, RAID 6 ya fi RAID 10 tsaro, ga shi ya fi shi wuri da terabait 16.

ZFS na da kwatankwacin duka waɗannan: tagwaye, RAIDZ1 a madadin RAID 5, RAIDZ2 a madadin RAID 6, har da RAIDZ3 mai jure mutuwar fayafayai uku. Bayan lambar shaida, yana da fifiko biyu a wajen gini. Yana gina wuraren da ke da bayanai ne kawai, don haka rumbun da ya cika kashi 40 ba zai ci lokacin cikakke ba, alhali katin RAID na gargajiya sai ya bi faifan kaf har da inda babu komai. Sannan ba shi da raunin da RAID 5 da 6 ke da shi, inda wuta ke ɗaukewa bayan an rubuta bayani kafin a rubuta lissafin cetonsa, domin ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake nema. A da ana kukan cewa rumbun ZFS da ya cika ya tarwatse yana jinkirin gini ƙwarai, OpenZFS 0.8 na 2019 ya rage wannan sosai da ya koma karatu a jere. Abin da yake nema a wajenka shi ne a ba shi fayafayan kai tsaye ba ta bayan katin RAID ba, a sa masa isasshiyar ƙwaƙwalwa mai gyara kuskure, sannan a samu mutumin da ya iya shi. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin sharaɗin. In ma'aikaci ɗaya ne tak ya san shi a duk ofishin, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki an shiga matsala. Katin Dell ko HPE mai RAID 6 da kowane mai gyara ya saba da shi ya fi ZFS ɗin da ba mai kula.

Sai tsarin da ke warwatsa komai. Maimakon faifan ko-ta-kwana ɗaya da duk rubutu zai taru a kansa, ana yanka sararin ko-ta-kwana a raba wa dukkan fayafayai. In ɗaya ya mutu, kowa na karatu kowa na rubutu lokaci ɗaya, sai ginin da zai ci kwanaki ya dawo awanni. Wannan ce dabarar dRAID da ta zo a OpenZFS 2.1 a 2021, da Dynamic Disk Pools na NetApp mai buƙatar fayafayai 11 zuwa sama, da ADAPT na Dell PowerVault mai buƙatar 12. Amfaninsa na ƙaruwa ne da yawan fayafayai. Mai akwatin ramuka takwas ba shi da abin nema a nan. Cibiyar da ke shirin sayen 24 ko 60 kuwa ta sa shi a sahun gaba.

Wuta, zafi da ranar Lahadi

Kusan duk jadawalin binciken da ke zuwa da manhaja an ɗora shi ne a kan tsakar daren Asabar wayewar Lahadi, domin a Turai da Amurka lokacin ne saba ke hutawa. A ofisoshinmu da yawa lokacin ne janareta ke kashe. Ko dai sabar a kashe take, binciken bai taɓa gudana ba tun da aka saye ta, ko kuma tana kan batirin inbata, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, fayafayai takwas suna karatu ba ƙaƙƙautawa na awa goma sha biyu. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Katsina ke haura digiri 40 a waje, ɗaki rufaffe ba sanyi na iya kai faifai kusa da digiri 60 da yawancin masu ƙerawa suka sa a matsayin iyaka. Wannan abu ɗaya, duba ranar da bincike na ƙarshe ya kammala, ya kamata duk mai karanta wannan ya yi gobe da safe. A mayar da jadawalin zuwa lokacin da aka san akwai wuta da sanyi, ko da rana ne, a rage masa ƙarfi, a kuma kauce wa ƙarshen wata da makon rajista. Da hunturu kuma a riƙa wanke matatar iska, don ƙurar da ke toshe ta ita ma zafi take haifarwa.

Katin RAID na riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa kafin ya kai faifai. Tsoffin katuna batir ke tsare wannan ƙwaƙwalwar, na kwana biyu zuwa uku in batirin sabo ne, kuma zafi na tsufar da shi da wuri. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun haura mako guda babu wutar gwamnati bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Sababbin katuna na juye abin da ke ƙwaƙwalwar zuwa ma'ajiyar da ba ta buƙatar wuta da zarar an ɗauke, kuma irin su kaɗai ya kamata a saya a nan. Yawancin tsare-tsaren yau suna ci gaba da gini daga kusa da inda suka tsaya in wuta ta dawo, amma tsohon faifai ya fi yawan ƙin tashi a lokacin kunnawa. In ana gini, a sayi dizal a bar janareta ya kwana.

Kalma biyu a kan fayafayan kansu. A tabbata CMR ne, masu rubuta layi kusa da layi ba tare da hawa kan juna ba, ba SMR ba. A 2020 aka gano wasu fayafayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne, masu rubutu a kan juna kamar jeren kwanon rufi, kuma ginin rumbu a kansu na jan lokaci ƙwarai, wani lokacin rumbun ya tofar da su. Bayan haka ne kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR. Sannan a kiyayi na hannu da aka goge wa shekaru. A farkon 2025 an samu rahotannin 'yan kasuwa na sayar da tsoffin Seagate Exos a matsayin sababbi bayan sun mayar da agogon SMART, mai ƙirga awannin aikin faifai, sifili; wani kundin cikin faifan mai suna FARM ne ya tona asirin, kuma smartmontools na iya karanta shi.

Abin da zan zaɓa

Ga akwatin nan mai ramuka takwas da ke ɗauke da fayilolin makaranta ko asibiti a Katsina ko Daura: fayafayai bakwai a RAID 6 ko RAIDZ2, na takwas ko-ta-kwana, terabait 40 na amfani. Faifan ko-ta-kwana shi ke goge makonnin jiran oda daga lissafi, domin gini na farawa cikin daƙiƙu ko da tsakar daren Juma'a ne. In wurin ya yi kaɗan, a sa takwas ɗin duka a RAID 6 a sayi na tara a ajiye a kabad, tare da sauran, a takardar kuɗi ɗaya. Tsakanin katin RAID da ZFS, in akwai aƙalla mutum biyu da suka iya ZFS, shi zan ɗauka saboda lambar shaida. Ga manhajar da ke yawan ƙananan rubutu, SSD na kamfanoni mai kariyar ɗaukewar wuta, a tagwaye. Kuma in kuɗi ɗaya zai sayi fayafayai huɗu masu terabait 20 ko goma masu terabait 8, ƙananan sun fi dacewa da mu, tun da kowanne na ginuwa cikin ƙasa da rabin lokacin babban, sai dai a lissafa ƙarin wutar da za su sha.

Shugaba zai tambayi ina terabait 16 suka tafi. Amsar gajeriya ce: "Ranka ya daɗe, da 56 faifai ɗaya ya mutu muna kan siraɗi har sabo ya iso daga Legas. Da 40, biyu za su mutu ma'aikata ba su ma sani ba." A kuma gaya masa tun wuri cewa duk wannan ba ya maye gurbin kwafin ajiya a wani gini daban, domin gobara, ɓarawo, manhajar garkuwa da bayanai da kuskuren ma'aikaci ba ruwansu da matakin RAID.

Kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya, tun ba a ɗora bayanan gaske ba, a cika rumbun da bayanan gwaji zuwa kashi 70 ko 80, a zare faifai ɗaya a gaban ɗan kwangila. A duba ko saƙon gargaɗi ya iso wayar wanda ya kamata, ko faifan ko-ta-kwana ya kama aiki da kansa, sannan a rubuta awannin da ginin ya ci alhali ana kwafe fayiloli a kai. A maimaita sau ɗaya tare da kashe wutar bango a tsakiyar ginin don a ga ko UPS da janareta sun karɓa. Lambar da ta fito a rubuta ta a manna a jikin akwatin, tare da nau'in faifan da lambar samfurinsa, don wanda zai gaji kujerar.